Darasi: Idan Tsoho Ya Faɗi A Gida

Da damina, santsin tsakar gida yakan ka da tsofaffi a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum 684,000 a shekara.

Kada a yi garajen ɗaga wanda ya faɗi. A fara tambayarsa inda ke ciwo. In ƙafa ɗaya ta gajarta, ta karkata waje, mai yiwuwa kwatangwalo ne ya karye. A kai shi asibiti a kwance, ba bisa babur ba, kada kuma a tsaya wurin mai ɗori. Amai ko ruɗewa bayan buguwar kai suna bukatar likita nan take.

Kula da iyaye aikin ibada ne (1 Timoti 5:4).