Allurar zomo kafin dashen ƙoda

Likita, ni manomin riɗi ne daga Basunda, jihar Gadarif. Uwargidana tana zuwa wankin ƙoda, na kuma yarda in ba ta tawa. Da yake yaƙi ya dagula asibitocin Khartoum, Alƙahira muka nufa. Likita ya ce jininta na iya yaƙar ƙodata, don haka za a yi mata wata allura da ake samu daga zomo. Wani maƙwabci kuma ya ce in an yi ta, ba ta buƙatar shan ƙwayoyi. Gaskiya ne?

Mai neman shawara, Basunda

Malam, Allah ya saka maka, ya ba uwargida lafiya.

Batun da likitan ya yi gaskiya ne. Kowane ciki da mace ta ɗauka yana ɗauke da rabin halittar uba, sai garkuwar jikinta ta san shi, wani lokaci ta tanadi makaman yaƙarsa. Ƙarin jini ma yana jawo haka. Shi ya sa dole a gwada jininka da nata kafin a taɓa ka.

Allurar sunanta ATG. Ana sa wa zomaye ƙwayoyin garkuwar mutum, jikinsu ya haɗa sinadarin yaƙarsu, a tace shi, a ɗura wa majinyaci ta jijiya a hankali cikin 'yan kwanaki. Takan kawo zazzaɓi da rawar sanyi. Masu ƙaramin haɗarin ƙin ƙoda akan ba su basiliximab a maimakon ATG, miligiram 20 ranar aiki, wani 20 a rana ta huɗu.

Amma maƙwabcinka bai faɗi daidai ba, kuma maganarsa na iya salwantar da ƙodarka. Allurar ta farkon tafiya ce kawai. Tacrolimus da mycophenolate, sau da yawa har da prednisolone, za ta sha su kullum muddin ƙodar na jikinta. Ka tabbatar da inda za ku riƙa samunsu, da inda za a riƙa auna jininta, tun kafin ku biya kuɗin aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne garinku. Yankin Gadarif gidan cutar kalazar ne, kuma ATG tana raunana garkuwa sosai. Ka faɗa wa likitocin Masar daga inda kuka fito, a duba kalazar da tarin fuka. Bayan kun dawo, ta kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya taso, ku tafi asibiti a ranar.