ZAƁEN UNGUWA SA'AD DA AIKI YA KAI MU SABON GARI



Da wuya shekara ta ƙare ba mu yi ban kwana da wani iyali a ikilisiyoyinmu ba. Wani malamin makaranta ne aka yi wa canjin wurin aiki, wata ma'aikaciyar jinya ce, wani ɗan sanda, wani kuwa ango ne da ya sami aiki a ma'aikatar gwamnatin tarayya. Mukan gode wa Allah, mu yi musu addu'a, mu raka su tasha. Amma akwai babbar shawara guda da akan yanke cikin gaggawa, wato unguwar da iyalin za su zauna. Sau da yawa maigida ne yakan yi gaba shi kaɗai, ya kwana biyu a ɗakin abokinsa, dillali ya zaga da shi gida uku ko huɗu, ya biya kuɗin shekara, sa'an nan ya aika a kawo mata da yara. Darasinmu na wannan wata a kan wannan shawara yake. Za mu ɗauki Abuja misali, gama mutanenmu da yawa can suke nufa, amma abin da za mu faɗa ya shafi kowane babban gari.

MUTUM BIYU DA SUKA ZAƁI MAZAUNI

A cikin Farawa sura 13 mun ga yadda dabbobin Ibrahim da na Lutu suka yi yawa har ƙasar ta kasa ɗaukarsu. Ibrahim ya ba ɗan ɗan'uwansa zaɓi. Lutu ya duba kwarin Urdun, ya ga ruwa da ciyawa, ya zaɓe shi nan take, ya kafa alfarwarsa kusa da Saduma. Bai tambayi halin mutanen wurin ba. A sura 14 an kama shi a yaƙin da ba nasa ba, a sura 19 kuma ya fita da gudu, ya rasa dukiyarsa, ya rasa matarsa.

Na biyun shi ne Yusufu, mijin Maryamu. Matiyu sura 2 ta nuna mana cewa da ya komo daga Masar, ya ji Arkilayus ɗan Hirudus ne yake mulkin Yahudiya. Tsoronsa yana da dalili, gama saboda zaluncin wannan sarki ne Romawa suka tuɓe shi a shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu. Bisa ga gargaɗin da aka yi masa a mafarki, Yusufu ya nufi Galili, ya zauna a Nazarat, ƙaramin gari marar suna. Lutu ya zaɓa saboda garkensa, Yusufu kuwa saboda Yaron da mahaifiyarsa. Ga ma'aunin da muke so kowane iyali ya riƙe: a dubi unguwa da idon waɗanda za su yini a cikinta, wato yara, tsofaffi, da wanda zai zauna tare da su bayan mai aiki ya fita.

YADDA ABUJA TAKE

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, kujerar mulki kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Ofisoshi suna tsakiyar birni, amma hayar gida a Maitama, Asokoro, Wuse da Garki ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka jama'a suka bazu zuwa Kubwa, Bwari, Lugbe, Kuje, Gwagwalada, Karu da Nyanya, har suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a Jihar Neja. Ƙa'idar a fili take: iyakar nisanka da ofis, iyakar sauƙin haya. A nan ne tarkon yake, gama abin da mutum ya rage a hannun mai gida yakan biya shi a kan hanya.

ABUBUWA BIYAR DA ZA A AUNA

Na fari, lokaci. Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja da safiyar Litinin ya san cunkoson Mararaba da Nyanya. A ce uba yana cin awa 2 zuwa, awa 2 dawowa. Awa 4 ke nan a rana, awa 20 a mako. Ya fita yara suna barci, ya dawo sun yi barci. Wa zai duba littattafansu? Wa zai ji abin da ya same su a makaranta? Yaushe iyalin za su durƙusa tare su yi addu'ar dare? Kada a gwada hanya ranar Asabar da rana. A tashi daga ƙofar gidan da ake so a kama da ƙarfe 6 na safiyar ranar aiki, a shiga motar haya kamar kowa, a duba agogo.

Na biyu, ainihin kuɗin zama. Masu gidaje sukan nemi hayar shekara ɗaya gaba ɗaya, wasu ma ta shekara biyu. Bayan wannan ga ladan dillali, wanda yakan kai kashi 10 cikin 100, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. A ce mutum yana kashe naira 2,000 kowace rana a kan hanya. A ranakun aiki 22 ya kashe 44,000, a shekara kuma 528,000. Mu tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Miji da mata su zauna da takarda da alƙalami, su haɗa haya, mota, ruwa, wuta da makaranta wuri ɗaya kafin su ce wannan gida ya fi wancan sauƙi. Araha ba ta ado. Haka kuma kada neman suna ya kai mu unguwar da hayarta za ta cinye abincin yara.

Na uku, ruwa, wuta da ƙasar da gidan yake a kai. Ruwan famfo na madatsar Usuma bai kai kowace unguwa ba. Wurare da yawa sun dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa. A tsayar da mai ruwa a tambaye shi nawa ne jarka, musamman a watan Maris. A tambaya ko gidan yana da mita mai kati, ko kuwa akwai tsohon bashin wuta da za a gada. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, don haka ya kamata a san rukunin da unguwar take. A dubi gindin katanga: ruwan ambaliya yakan bar zane, kuma mazauna Lokogoma da wasu sassan Lugbe sun sha wannan wahala a damuna. Ga mai niyyar sayen fili kuwa, ya sani cewa a cikin Babban Birnin Tarayya ikon ba da fili yana hannun gwamnatin tarayya. Takardar mai unguwa ita kaɗai ba ta hana rusau, kamar yadda iyalai masu yawa suka gani tsakanin 2003 da 2007.

Na huɗu, makaranta da asibiti. Yaron firamare zai iya zuwa makaranta da ƙafa ba tare da ya tsallaka babban titi ba? Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, minti nawa ne zuwa asibiti, kuma mota tana shiga layin a watan Agusta? Uwa ce ta fi sanin irin waɗannan tambayoyi. Shi ya sa ba daidai ba ne a biya haya matar gida ba ta ga wurin ba. Idan kuwa matar ce aka yi wa canjin aiki, haka ma ya wajaba ta yi shawara da mijinta.

Na biyar, kuma mafi girma, maƙwabta. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, sun kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Unguwa tana renon yaro tare da iyayensa, ko sun so ko ba su so ba. A je wurin sau uku: da safe, da la'asar, da kuma bayan faɗuwar rana. Da la'asar a duba ko yara suna wasa a waje, gama iyaye ba sa sakin 'ya'yansu inda ba su amince ba. Da dare a duba su wane ne suke taruwa a kwanar layi, me kuma ake sayarwa a can. Mashaya ko shagon caca a jikin katangar gida makaranta ce da ba ta hutu. Idan gidan na haya ne mai ɗakuna a jere, a san mutum nawa ne za su haɗa makewayi da madafa. Kada a tsaya ga maganar dillali, ladansa yake nema. A tambayi mai tuyar ƙosai, da tela, da wanda yake barin gidan. A tambaya ko akwai mai unguwa da ake jin maganarsa, da 'yan sintirin da aka san iyayensu. Matambayi ba ya ɓata.

BATUN ADDINI DA ƘABILA

Akwai tambayar da kusan kowa yakan yi a ɓoye: mutanenmu ne a unguwar? Ba za mu yi kamar ba mu san dalilinta ba. Ba a Abuja aka haifi wannan tsoro ba, daga garuruwanmu muke zuwa da shi. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, Kirista da yawa sun koma kudancin kogi, Musulmi da yawa kuma suka koma arewacinsa. Jos ma ta rabu haka tun daga 2001. Wanda ya taɓa gudu da yaro a baya ba a ce masa matsoraci. Yusufu kansa ya kauce wa inda ya ga hatsari, kuma kare ran iyali wajibi ne.

Duk da haka sai mu faɗi gaskiya. Sunan addinin da yake bisa unguwa ba ya gaya mana halin mutanenta. Akwai layin da kowa yake zuwa sujada ranar Lahadi, amma ƙwaya tana yawo a hannun samarinsa. Akwai kuma iyalanmu da za su ba da shaida cewa maƙwabci Musulmi ne ya ɓoye su a ɗakinsa ranar tashin hankali, haka nan Musulmi da yawa za su faɗi irin wannan game da Kirista. Yaran da suka girma ba su taɓa cin tuwon Sallah ba, ba su kuma taɓa kai shinkafar Kirsimati gidan wani ba, jita-jita kaɗai za su sani game da juna. Saboda haka a bincika tarihin unguwa, a ga yadda shugabanninta suka riƙe ta a lokacin wahala, a yanke shawara bisa ga wannan.

IYALI DA IKILISIYA

A 1983 fadar Paparoma ta fitar da takardar haƙƙoƙin iyali, wadda a sashe na 11 ta nuna cewa iyali yana da haƙƙin samun mazauni mai mutunci, daidai da yawan mutanensa, a wurin da akwai abubuwan bukata na yau da kullum. A wurinmu majami'a tana cikin waɗannan bukatu. Idan zuwa sujada zai ci mota biyu ga mutum shida, za a fara da fashin mako ɗaya, a ƙare da na shekara. A tambaya ko akwai ajin koyarwar addini na yara, da Zumuntar Mata, da sujada cikin Hausa saboda kaka da ba ta jin Turanci. Kafin a tashi a karɓi katin baftisma na kowa, da takardar aure, da wasiƙar Fada. A makon farko a je a gabatar da kai ga Fada ko katikis na sabon wuri.

Wasu sukan bar iyali a gida, su riƙa zuwa ƙarshen wata. Wani lokaci tilas ce take sa haka, ba ma hukunta kowa. Amma a sa wa rabuwar wa'adi, a faɗe shi a fili, gama aure da yawa sun yi sanyi a kan wannan hanya ba tare da wani ya yi niyya ba. Ciki da falo da iyali a ciki ya fi babban gida da uba baƙo ne a cikinsa.

A ƙarshe, wanda yake neman maƙwabcin kirki, shi ma wani yana fata ya same shi haka. Annabi Irmiya, a sura 29, ya umarci waɗanda aka kai Babila su nemi alherin birnin da suke baƙunta. Mu fara gaisuwa, mu shiga aikin gayya na share kwata, mu biya kuɗin sintiri, mu je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Zumunta a ƙafa take. Mu kuma da muke zaune tun da daɗewa, idan muka ga sabuwar fuska a bencin baya, mu tsaya bayan sujada mu tambaye su inda suka sauka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Cikin abubuwa biyar ɗin nan, wanne ne muka fi mantawa da shi, kuma me ya sa?
2. A gidanmu, wa ake tambaya kafin a yanke babbar shawara?
3. Idan baƙo ya tambayi maƙwabtanmu halinmu, me za su gaya masa?

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai da ka bi da Yusufu da Maryamu har ka zaunar da su lafiya a Nazarat, ka bi da 'yan'uwanmu da aiki ya kai baƙon wuri. Ka ba su hikimar zaɓe, da maƙwabtan kirki, ka kuma mai da su albarka ga unguwar da za su zauna. Ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.