Gyaran Rijiyar Burtsatse da Tace Ruwan Sha a Birane

Idan ruwan rijiyar burtsatse ya ragu, ba lalle ne ta ƙafe ba. Sau da yawa tsatsa da rairayi ne ke toshe ramukan bututunta. Akan zare famfo, a busa iska mai ƙarfi, a wanke da kulorin, aikin da galibi ya fi haƙa sabuwa araha.

Sai dai tacewa da yashi laka take kawarwa, kulorin kuwa ƙwayoyin cuta yake kashewa. Dukansu ba sa cire sinadarin naitiret mai tsiyayowa daga masai da takin zamani. Tafasawa ma ƙara ƙarfinsa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a kowace lita saboda haɗarinsa ga jarirai, don haka gwajin ruwa shi ke gaba da sayen na'urar tacewa.