Ciyawar Gona da Ƙarfin Ƙasa a Karkarar Bici

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a tsakiyar damina, ya iso wajen Bici da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin yara da samari suna fitowa daga gonaki ɗauke da dammunan ɗanyar ciyawa ba, wasu a ka, wasu a bayan keke, wasu kuma sun ɗora wa jaki. Baƙo yakan ɗauka shara ce za a kai juji, alhali kuwa abincin awaki da tumakin da ke ɗaure a gida ne, kuma wani yanki ne na ƙarfin gonar da aka ciro ta. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan ciyawa, ta nuna abin da take ɗauka daga ƙasa, da hanyoyin da take mayar da shi, da kuma inda yake salwanta a tsakani.

A Hausa kalmar noma tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai babbar ma'ana, watau sana'ar gaba ɗayanta tun daga sharar gona har zuwa girbi. Akwai kuma ƙaramar ma'ana, wadda ta fi yawa a bakin manomi, watau kai wa ciyawa fartanya. Idan mutumin Saye ko Badume ya ce bai gama noma ba, alhali geronsa ya kai gwiwa, kowa ya san firi ko maimai yake nufi. Suna ɗaya ke nan ga sana'ar da kuma yaƙin da ake yi da ciyawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayinta a wurin Bahaushe.

Ƙasar da ba ta hutawa

Bici tana arewa maso yamma da birnin Kano, tazarar kimanin kilomita 40, a cikin karkarar nan mai cunkoson jama'a wadda Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarinta, aka buga a 1965. Babban abin da ya bambanta wannan karkara da sauran ƙasar Hausa shi ne gona ba ta samun hutu. A wuraren da fili ya yalwata, idan gona ta gaji sai a bar ta saura na 'yan shekaru, gamba da sabara da kalgo su rufe ta har ƙarfinta ya komo. A nan kuwa rabon gado ya mai da gonaki ƙanana, kowace damina sai an shuka su, gero da dawa da gyaɗa da wake a cuɗe.

Galibin ƙasar jigawa ce mai yashi, ba ta riƙe ruwa sosai, ba ta kuma riƙe abincin shuka. Manyan sinadaran da shuka ke bukata uku ne: naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar ya yi girma, fosfaras, mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya, sai fotasiyam, mai ƙarfafa kara da taimaka wa shuka jure fari. Manomi ya san su ta hanyar takin zamani, domin yuriya ita ce ta farkon, supa na biyun, kamfa kuwa ya haɗa duka ukun. Biyun farko su ne suka fi ƙaranci a irin wannan ƙasa, saboda haka duk abin da ya taɓa su ya taɓa rumbu.

Abin da ciyawa ke ɗauka

Ciyawa shuka ce kamar kowace shuka, da saiwa take tsotson abincinta narke cikin ruwan ƙasa. Abin da ta fi gero da shi sauri ne. Harƙiya da gude-gude da tuji da burburwa suna baza siraran saiwoyinsu a saman ƙasa, daidai inda saiwar jaririn gero take, su riga shi ga abincin. Jiji kuwa ba ya tsayawa ga ci, har ajiya yake yi a cikin 'yan ƙwayoyinsa na ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ko an sare kansa sai ya sake tohowa. Makonni huɗu zuwa shida na farko bayan tsiro su ne lokacin da wannan gasa ta fi cutar da amfanin gona. Geron da aka makara wajen yi masa firi yakan yi rawaya ya tsumbure, ko da an nome shi daga baya ba ya cika murmurewa.

To amma akwai wata fuska ta wannan al'amari wadda ba a faye kula da ita ba. Idan ruwan farko ya sauka a kan ƙasar da ta sha rani, ƙananan halittun cikinta, waɗanda ido ba ya gani, sukan farka su auka wa ragowar taki da ruɓaɓɓen ganye, su saki naitirojin mai yawa a lokaci guda. Wani masani mai suna H. F. Birch ne ya yi bayanin wannan a Gabashin Afirka a 1958. Matsalar ita ce, a wannan lokaci gero bai wuce 'yan kwanaki da tsirowa ba, saiwarsa gajeriya ce, kuma tsakanin rami da rami akwai tazara. Naitirojin kuwa ba ya jira. Ruwa biyu ko uku masu ƙarfi sun isa su wanke shi zuwa can ƙarƙashin yashi inda saiwa ba ta kaiwa. Ciyawar da ta tsiro tsakanin kunyoyi ita ce ke tare wani kashi nasa ta riƙe a jikinta. Ke nan tana yi wa manomi ajiyar abin da ruwa zai tafi da shi, da sharaɗin ya karɓi ajiyarsa a kan kari.

Har ila yau akwai ciyayin da ke kawo abin da ba su tarar ba. Gadagi, wanda masu kiwon doki da rago suke so ƙwarai, dangin wake ne, kuma a saiwarsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙananan halittu ke jawo naitirojin daga iska. Sai dai a lura, ba duk mai kwanso ne ke da wannan baiwa ba. Tafasa da rai-ɗore, ko da yake dangi ɗaya suke da wake, ba su yin waɗannan ƙulle-ƙulle. Amfaninsu ga ƙasa shi ne doguwar saiwar da ke ciro abinci daga zurfi ta kawo shi ga ganye.

Hanyoyin komawa

Hanya mafi kusa ita ce ciyawa ta mutu inda ta tsiro. Lokacin firi manomi yakan saro ta, ya kaɗe ƙasar saiwarta, ya kifar da ita rana ta ƙone ta. Kaɗewar nan tana da dalili, domin irin su balasa idan aka bar su da ƙasa a saiwa, ruwa ya sauka a daren, da safe sai a iske sun miƙe kamar ba a taɓa su ba. Lokacin huɗa kuma garma takan binne abin da ya saura a cikin kunya. Ɗanyar ciyawa mai taushi tana ruɓewa cikin 'yan makonni a ɗumi da laimar damina, ta saki abin da ta ɗauka daidai lokacin da dawa ke neman abinci da gaske. Tsohuwar ciyawa mai tauri, kamar kyasuwar da ta riga ta yi kai, sha'aninta daban ne. Halittun da ke ruɓar da ita sai sun ranci naitirojin daga ƙasa kafin su iya cin ta, don haka shukar da ke kusa takan ɗan yi rawaya kafin bashin ya dawo. Abin da ya bushe a sama kuma gara ta ja shi cikin ramukanta.

Hanya ta biyu ita ce ta turke, kuma ita ce ginshiƙin noman wannan karkara. Tun da babu makiyaya isasshiya, da zarar an yi shuka sai a ɗaure dabbobi a gida har a gama girbi, kullum a yanko musu ciyawa. Akuya ba ta riƙe komai daga abin da ta ci sai ɗan kaɗan, wanda ke zama nama da nono da ƙashi. Mafi yawansa fita yake yi, fosfaras a cikin kashinta, fotasiyam da babban rabo na naitirojin a cikin fitsarinta. Wannan ya haɗu da ragowar ciyawar da aka tattake da tokar murhu da sharar tsakar gida ya zama taki, wanda ake kwashewa a mangala ko amalanke a ƙarshen rani, a zuba shi tsibi-tsibi a gona. Binciken da Frances Harris ta yi a Tumbau ta ƙasar Gezawa a shekarun 1990 ya nuna cewa wannan zagaye na dabbobi da taki, tare da naitirojin da wake da gyaɗa ke kamowa da ƙurar da hunturu ke saukewa, shi ne ya riƙe gonakin da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu. A ƙarshen waɗannan shekaru ma cibiyar IITA da takwararta ILRI sun yi gwaje-gwaje da manoman Bici a kan haɗa noman wake da dawa da kiwon turke.

Sai dai wannan hanya tana yoyo. Fitsarin da ya nutse a ƙasan turke ba ya zuwa gona, sai in an shimfiɗa kara ko buntu ya sha shi. Warin nan mai hawa ido da ake ji a garke naitirojin ne ke tashi sama. Tsibin takin da aka zuba tun watan Maris, ya yi wata biyu rana na dukansa, shi ma ya rage daraja kafin a baza shi. Bugu da ƙari, ba lalle ne abin da aka ciro ya koma inda aka ciro shi ba. Ciyawar gona mai nisa takan ƙare a gonar bayan gida, domin ita ce jaki ya fi saurin kaiwa. Ta gonar aro ko ta jingina takan ƙare a gonar gado, domin ba wanda zai zuba takinsa inda ba shi da tabbacin nomawa baɗi. Wanda ba shi da dabba, ya bar 'ya'yan maƙwabta su yanke ciyawar gonarsa, yana murna an rage masa aiki, ƙarfin gonarsa ne yake bayarwa kyauta. Abin lura kuma shi ne yawancin awakin gida na mata ne, saboda haka ƙarfin gandun maigida ya rataya ne a kan dukiyar matansa, ko da yake ba a cika faɗin haka ba. Takin kuma ba ya komawa shi kaɗai, da irin ciyawar da ya tsira daga cikin dabba yake tafiya.

Wuta ita ce hanya mafi asara. Naitirojin yana bin hayaƙi, toka ta rage da fotasiyam da fosfaras, ita ma iskar bazara ta ɗebi rabonta. Amma a Bici abin da ake ƙonawa kaɗan ne, ƙarangiya da ƙaya da tushiya, domin kusan komai yana da mai so. Tafasa da lalo da rukuɓu da gasaya tukunya suke shiga. Ingirici kuma, watau busasshiyar ciyawar da aka adana, da harawa, sukan tafi kasuwa, musamman gab da Babbar Salla lokacin da masu kiwon raguna a birni ke nema. Abin da ya shiga mota ya nufi Kano ya rabu da gonar ke nan. Ƙauyukan da ke gindin ganuwa sun daɗe suna rama wannan da takin birni da jakuna ke ɗebo musu, amma Bici ta yi wa jaki nisa.

Wuta-wuta

Akwai ciyawa guda wadda duk bayanin da ya gabata bai shafe ta ba, watau wuta-wuta ko ƙuduji. Ita ba ta wahalar neman abinci a ƙasa. Saiwar dawa ko gero take kamawa ta tsotsi ruwa da abinci kai tsaye, tun tana ƙarƙashin ƙasa, kafin jan furenta ya bayyana. Akwai kuma irin da ke kama wake. Manoma sun daɗe da sanin cewa gajiyayyar gona ta fi yin wuta-wuta, kuma ilimin zamani ya gano dalili. Ƙwayar irinta ba ta tsirowa sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa, dawa kuwa ta fi fitar da shi idan tana cikin yunwar fosfaras da naitirojin. Tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi masu kama da ƙura, waɗanda ke iya jira a ƙasa fiye da shekara 10. Saboda haka binne ta bayan ta yi fure, ko jefa ta cikin taki, shuka ta ne. A nan kam a tuge ta kafin ta yi iri, a tara, a cinna mata wuta, ɗan abincin da za a rasa bai kai ɓarnar da za a kauce wa ba.

Maganin feshi

A 'yan shekarun nan maganin feshi ya yaɗu a karkarar Kano, kuma dalilinsa a fili yake: ƙwadago ya yi tsada, gayya ta ja baya, samari da yawa sun tafi birni. Mutum ɗaya da goyon tankinsa yana gama abin da zai ci 'yan ƙwadago kwanaki. Ta fuskar abincin ƙasa sakamakonsa ya kasu biyu. Maganin da ake fesa wa ciyawar da ta riga ta fito yana kashe ta a tsaye, ta ruɓe a wurin, abin da ta ɗauka ya koma. Wanda ake fesawa tun kafin tsiro kuwa yana hana ta fitowa sam, don haka naitirojin ruwan farko ba ya samun mai tare shi. A duka biyun turke ne ke asara, domin ciyawar da aka fesa ba ta ciyuwa ga dabba ko mutum, gadagi da tafasa ma ba su tsira. Gidan da ciyawarsa ta ragu, ko dai ya sayi abincin dabba, ko ya rage awaki. Idan awaki suka ragu mangalar taki ta ragu, sai a koma ga buhun kamfa, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2022. Buhun kuma ba ya ba yashi ruɓaɓɓen ganyen da ke sa shi riƙe laima. Manomin da ya fesa gonarsa mai nisa, ya bar ta kusa ga fartanya da lauje, ya bar gefen kunya da iyakar gona ba feshi domin dabbobin gida, ya fi wanda ya fesa ko'ina lissafi, ko da yake a ranar feshin shi ne zai fi gajiya.