Sarƙa umarni: sakamakon na farko shi ne abincin na biyu

Bot manhaja ce da ke zaune cikin zauren hira, tana karɓar umarni a rubuce, tana mayar da amsa. Wasu, irin su Limnoria da ke aiki a IRC, suna ba da damar sarƙa umarni, wato abin da na farko ya fitar ya zama abin da na biyu zai yi aiki a kansa. Dabarar tsohuwa ce: Douglas McIlroy ya kawo shawararta a 1964, Ken Thompson ya shigar da ita cikin Unix a 1973. Alamarta a yau tsayayyen layi ce: |.

Mu ɗauki ɗalibin da ke son sanin kalmomin da suka fi yawa a matanin da ya tattara. Umarnin farko zai yanka matanin, kowace kalma a layinta. Na biyu ya jera su bisa tsarin haruffa. Na uku, mai suna uniq, ya ƙirga maimaici. Idan aka tsallake na biyu, lissafin ya ɓaci, domin uniq ba ya gane maimaici sai layukan suna maƙwabtaka.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin tsarin sauti. Dokar jam'i tana mayar da "mota" ta zama *mototi, sannan ganɗantawa ta tarar da /t/ a gaban /i/, ta ba mu "motoci". Doka ta farko ce ta shirya wa ta biyu muhallinta. Paul Kiparsky ya kira wannan dangantaka ciyarwa.

Haɗarin shi ne, kowane umarni yana amincewa da abin da aka miƙo masa ba tare da bincike ba. A ce matakin farko ya goge lanƙwasar haruffa: "ƙasa" ta haɗe da "kasa", "ɓata" da "bata". Sauran matakan za su yi aikinsu daidai a kan gurɓataccen abu, bot ya kawo alƙaluma ba tare da gargaɗi ba, ɗalibi ya kwashe su zuwa kundinsa.

Saboda haka, ƴan'uwa ɗalibai, kafin ku sarƙa umarni, ku gwada kowanne shi kaɗai a kan jimloli biyar da kuka ƙirga da hannu. Ku tabbatar akwai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu.