Allah Ba Ya Ta Da Alkawarinsa

Karatu: Farawa 15, Ibraniyawa 6:13-20

Hausawa sukan ce alkawari kaya ne. Ɗan adam yakan ɗauki wannan kaya da niyya mai kyau, amma talauci, ko tsoro, ko mutuwa su sa ya sauke shi a hanya. Shi ya sa wanda aka sha yaudara yakan yi wuyar gaskata kowa, har da Allah. Tarihin Ibrahim yana nuna dalilin da ya sa alkawarin Ubangiji ya bambanta da na mutane.

Yadda aka ƙulla alkawarin

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da ya bar Haran bisa kiran Allah, da alkawarin zuriya da ƙasa (Farawa 12:1-7). Shekaru suka shuɗe, Saratu ba ta haihu ba. A Farawa 15 ya kai kukansa ga Ubangiji, ya kuma roƙi tabbaci. Allah bai tsauta masa ba. Ya umarce shi ya kawo karsana, da akuya, da rago, kowannensu mai shekara 3, da kurciya da ɗan tantabara. Ibrahim ya tsaga dabbobin biyu-biyu, ya jera su suna fuskantar juna.

Irmiya 34:18-20 ya bayyana ma'anar wannan al'ada. Wanda ya ratsa tsakanin yankakkun dabbobin ya ɗauki rantsuwa ke nan, cewa abin da ya sami dabbar ya same shi idan ya saɓa. Amma a wannan rana barci mai nauyi ya kama Ibrahim. Da duhu ya yi, sai hayaƙi da harshen wuta, alamar kasancewar Allah, suka ratsa tsakani. Ubangiji kaɗai ya bi ta wurin, ya ɗora wa kansa nauyin cikawa. Marubucin Ibraniyawa ya ƙara da cewa Allah ya rantse da kansa, domin babu wanda ya fi shi girma, kuma ba shi yiwuwa ya yi ƙarya.

Jinkiri da kasawar mutum

Bayan wannan ma Ibrahim ya yi tuntuɓe. Ya bi shawarar Saratu ya ɗauki Hajara, aka haifi Isma'ilu yana da shekara 86. Gaggawar ta jawo ɓacin rai a gidan, amma ba ta rushe maganar Allah ba. Aka haifi Ishaku yana da shekara 100, wato bayan jiran shekara 25. Alkawarin ƙasa ya fi haka daɗewa. Allah ya faɗa masa tun farko cewa zuriyarsa za ta sha wuya a baƙuwar ƙasa shekara 400. Shi kansa ya rasu ba shi da mallaka a Kan'ana sai gonar da kogon Makfela yake, wadda ya saya don binne matarsa. Duk da haka Yoshuwa 21:45 ya shaida cewa ko ɗaya daga cikin alkawaran bai faɗi ba.

Cikawa cikin Almasihu

Manzo Bulus ya koyar cewa Almasihu shi ne zuriyar da aka alkawarta, kuma duk na Almasihu magada ne tare da Ibrahim (Galatiyawa 3:16, 29). A daren da aka ba da shi, Yesu ya kira ƙoƙon sabon alkawari cikin jininsa (Luka 22:20). Hukuncin masu saɓa alkawari ya sauka a kan wanda bai taɓa saɓawa ba.

Ga iyalin Kirista

Akwai gidajen da suke jiran haihuwa, ko warkarwa, ko tuban ɗan da ya bauɗe. Ya kamata su rarrabe abin da Allah ya alkawarta da abin da zuciya take marmari. Bai yi alkawarin dukiya ko rayuwa marar wahala ba. Ya alkawarta gafarar zunubi, da Ruhu Mai Tsarki, da kasancewarsa tare da nasa, da tashin matattu. Iyaye su koya wa 'ya'yansu waɗannan a lokacin sujadar iyali, su kuma cika nasu alkawaran na aure da na bashi, gama ta wurinsu yaro yake fara koyon amincin Allah.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya sa Allah kaɗai ya ratsa tsakanin dabbobin?
2. Wace irin gaggawa ce takan jarabci mai bi a lokacin jira?