Yadda Ake Karatun Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Ƙaramar Kwaleji

Ɗalibai da yawa suna shiga wannan fanni da zaton za a koya musu gane abin da ke zuciyar mutum da zarar sun dube shi. Gaskiyar magana, kimiyya ce ta gwaji da lissafi tun daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus. A ƙaramar kwaleji kayan aiki kan yi ƙaranci, amma malami yana kusa da ɗalibi. Ga yadda za ka ci moriyar wannan kusanci.

1. Tantance kwas ɗin. Kafin ka biya kuɗin rajista, ka tabbatar hukuma ta amince da shi. A Najeriya, hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan digiri.

2. Kafa tushe a shekarar farko. Za ka haɗu da gwajin Pavlov a kan karnuka, da matakan girman tunanin yara na Piaget, da ra'ayoyin Freud. Haddar sunaye ba ta isa ba. Ka ware wa kowanne shafi guda: me ya tambaya, yaya ya gwada, me ya gano, ina aka soke shi.

3. Riƙe ƙididdiga da hannu biyu. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, alhali ita ce ƙashin bayan fannin. Kullum ka warware tambaya biyu ko uku da biro da takarda, sannan ka sake warware su a kwamfuta da manhajar SPSS. Da ƙididdiga za ka fahimci cewa tafiyar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Idan ɗalibai masu ƙarancin barci suna faɗuwa jarrabawa, mai yiwuwa damuwa ce ta jawo duka biyun.

4. Kusanci malamai. Ka je ofishinsu da takamaimiyar tambaya, ka nemi taya su raba takardun tambayoyi ko shigar da bayanai. Malamin da ya ga aikinka da idonsa shi ne zai rubuta maka takardar shaida mai nauyi.

5. Yi aikin sa-kai lokacin hutu a makarantar yara masu buƙata ta musamman ko gidan marayu. Duk abin da ka ji a can amana ne.

6. Zaɓi binciken shekarar ƙarshe daga al'ummarka, ka kuma nemi yardar kowa kafin ka yi masa tambaya.

Ka sani cewa digirin farko ba ya ba ka izinin duba masu larurar ƙwaƙwalwa, sai ka ƙara digiri na biyu da horo a asibiti. Al'ummarmu tana matuƙar buƙatar irin waɗannan ƙwararru, don haka ka dage tun daga zangon farko. Allah ya ba da sa'a.